Kanya Shida da Sufayen Sin Masu Zane

A ƙarshen shekarar 2023 wani gidan adana kayan tarihi da ke San Francisco a Amurka ya baje kolin wata 'yar takarda da faɗinta bai kai kamu ɗaya ba. Daga birnin Kyoto na Japan aka ɗauko ta, aro ne kuma na kimanin makonni uku. Babu launi a jikinta, baƙar tawada ce tsagwaronta. Abin da ke kai 'ya'yan itace ne guda shida, na wata bishiya 'yar'uwar kanyar da muka sani, sai dai ta ƙasar Sin girmanta ya kai na tumatir. Biyar suna jere, ɗaya ta ɗan zamo gaba. Biyun da ke gefe da gefe kusan farare ne, zobe kawai aka ja musu da tawada mai ruwa-ruwa. Ta tsakiya baƙa ƙirin, kamar ta fi sauran nauyi a hannu. Ragowar toka-toka. Ba faifai a ƙarƙashinsu, ba tebur, ba inuwa. Hancin kowace ɗaya bugu biyu ne ko uku na alƙalami, kaifi-kaifi, kamar harafin rubutu.

Wannan zane ana danganta shi ga wani sufin addinin Buda mai suna Muqi Fachang, wanda ya rayu a ƙarni na 13 a Hangzhou. Sunan ana furta shi kamar "Muci". A yau duniya na ɗaukar aikinsa a matsayin ƙololuwar zanen ɗarikar Chan, wadda Japanawa ke kira Zen. Amma masanan ƙasarsa da suka rubuta tarihin zane jim kaɗan bayan mutuwarsa sun ce aikinsa ɗanye ne, mara tarbiyya. Yadda abu ɗaya ya samu hukunci biyu masu nisan gabas da yamma shi ne ya ja ni zuwa wannan batu, domin a cikinsa ne ake gane su wane ne sufayen Sin masu zane, da kuma wanda ya yanke wa kowannensu daraja.

Idan na ce sufi a nan, ina nufin mutumin da ya aske kansa, ya bar aure da gado, ya koma gidan ibada yana bin dokokin da Buda ya shimfiɗa wa almajiransa. A tsohuwar Sin wannan matsayi ne da hukuma ke sa wa ido, sai da takardar shaida daga gwamnati mutum ke zama cikakken sufi.

Akwai wani zato da ya kamata a kawar tun farko, wato cewa duk zanen da ke gidan ibada sufaye ne suka yi shi. A kogunan Mogao da ke Dunhuang, bakin hamadar arewa maso yammacin Sin, akwai ɗakuna 492 da aka sassaƙa a jikin dutse aka ƙawata su, zanen bangonsu ya kai kimanin murabba'in mita 45,000. Tarihi ya ce wani sufi mai suna Lezun ne ya fara haƙa na farko a shekarar 366. Amma mafi yawan hannayen da suka yi wannan gagarumin aiki cikin kusan shekara dubu na masu sana'a ne da ake ɗauka haya, attajirai da sarakunan yanki su biya, akasarinsu ko sunansu bai zo mana ba. Haka Wu Daozi, gwarzon masu zanen bango na daular Tang a ƙarni na 8, wanda aka ce ya cika bango kusan 300 a gidajen ibada na Chang'an da Luoyang, shi ma ba sufin Buda ba ne. Sufin da ya shahara da zane ba kasafai ake samunsa ba, kuma galibi mutum ne mai ilimi, mai waƙa, mai kyan rubutun hannu, wanda ke zama da manyan gari.

A shekarar 845 Sarki Wuzong ya far wa addinin Buda. Lissafin hukuma ya nuna an rushe manyan gidajen ibada 4,600 da ƙanana kimanin 40,000, an tilasta wa sufaye maza da mata 260,500 komawa rayuwar gida. Bango ba ya gudu, don haka ɗimbin zanen da ke jikinsa ya tafi tare da shi. Abin da ake iya naɗewa a sa a hannun riga, takarda ko siliki, shi ke tsira a irin wannan rana. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tarihin da zan bi daga nan kusan duka tarihin naɗaɗɗun zanuka ne.

Guanxiu ya ga wannan masifa da idonsa yana yaro. An haife shi a 832 a Lanxi, cikin lardin Zhejiang na yanzu, aka kai shi gidan ibada yana ɗan shekara bakwai. Ya girma a zamanin da daular Tang ke wargajewa, kowane kwamanda yana yanka wa kansa ƙasa. Ya yi ta yawo daga wannan fada zuwa waccan da waƙoƙinsa. Akwai labarin da ake bayarwa cewa ya yi wa Qian Liu, mai mulkin yankin Hangzhou, waƙar yabo yana cewa takobinsa ya mallaki larduna goma sha huɗu. Qian Liu ya aiko a ce ya mayar da su arba'in. Guanxiu ya ce larduna ba sa ƙaruwa da baki, waƙa ma ba ta canzuwa, ya ɗauki ƙoƙonsa ya bar garin. A ƙarshe ya sauka Chengdu wajen Wang Jian, sarkin Shu, wato yankin Sichuan, wanda ya ba shi jar alkyabbar girmamawa mai ruwan shuni da laƙabin Chanyue, wato Watan Tafakkuri. A can ya rasu a 912.

Abin da ya bar wa tarihin zane shi ne siffofin waliyyan Buda goma sha shida, waɗanda Sinawa ke kira luohan. Kafinsa ana zana irin waɗannan bayin da fuska mai kwarjini da natsuwa. Nasa kuwa tsofaffi ne tukuf, ƙoƙon kai duk ƙulu-ƙulu, hanci zuƙeƙe, idanu a zurme, kumatu sun zazzago, wani girarsa ta yi tsawon da sai ya riƙe ta da hannu. Suna zaune kan duwatsu ko cikin kogon bishiya, har mutum ya rasa inda fata ta ƙare dutse ya fara. Kamanninsu na baƙi ne, mutanen Indiya da ƙasashen yamma da Sin. Wani marubuci na farkon ƙarni na 11 ya ruwaito cewa da aka tambaye shi inda ya samo waɗannan fuskoki, sai ya ce a mafarki ya gan su.

Abin lura a nan shi ne yadda mutanen zamanin suka ɗauki zanen. Akwai ruwayar cewa idan fari ya yi tsanani, hakimai kan aika a ɗauko waliyyan Guanxiu a yi roƙon ruwa a gabansu. Maganar mafarkin ma tana da aiki, domin tana nufin mai zanen ya ga waliyyan ne da kansa, don haka siffar tana ɗauke da wani abu nasu. Shi ya sa aka yi ta kwafarsu ƙarni bayan ƙarni. A 1757 Sarki Qianlong ya ga wani jeri da ake danganta masa a gidan ibadar Shengyin da ke Hangzhou, ya rubuta wa kowane ɗaya yabo, a 1764 kuma aka sassaƙa su a kan dutse. Daga waɗannan duwatsu aka yi ta buga kwafi a takarda, kuma ta wannan hanya ce mafi yawan mutane suka san fuskokin.

Juran wani iri ne dabam. Sufi ne a gidan ibadar Kaiyuan da ke Nanjing, a ƙaramar daular Tang ta Kudu. Da sojojin Song suka ci birnin a 975 aka tafi da sarkinsa Li Yu zuwa Kaifeng, Juran ya bi ayarin, ya zauna a gidan ibadar Kaibao. Shi ba waliyyai yake zanawa ba. Tsaunuka ne, irin na kudancin kogin Yangtze, masu laushi da danshi, hazo na yawo a ƙugunsu. Ya gaji salon Dong Yuan: dogayen layuka masu taushi da ake jerawa a gangaren tsauni kamar zaren rama da aka warware, a saman kuma a tara ƙananan duwatsu dunƙule-dunƙule, sannan a yayyafa ɗigon baƙar tawada. In ka duba zanukan da ake danganta masa a gidajen tarihi na Taipei ko na Cleveland, za ka ga wata siririyar hanya tana shiga tsakanin bishiyoyi zuwa wata bukka, amma ba abin da zai ce maka mai zanen sufi ne.

Wannan mutum masanan Sin sun rungume shi hannu bibbiyu. Kundin taskar Sarki Huizong na shekarar 1120 ya lissafa masa zanuka fiye da ɗari. Manyan masu zane na ƙarni na 14 irin su Wu Zhen sun yi koyi da shi. Da Dong Qichang, wanda ya rayu daga 1555 zuwa 1636, ya zo ya raba tarihin zanen tsaunuka gida biyu, na Kudu da na Arewa, sai ya sa Juran cikin kakannin gidan Kudu, wanda shi ne gidan daraja a wurinsa. Rabon nan kansa daga tarihin ɗarikar Chan ya aro shi, inda ake da reshen Kudu mai cewa wayewar zuciya takan zo farat ɗaya da reshen Arewa mai cewa a hankali take zuwa. Ya ari harshen sufaye ya gina mizaninsa, amma a cikin jerin gwarazan da ya tsara babu Muqi.

Don a gane dalili, sai an san su wane ne ke rubuta tarihin zane a Sin. Wani aji ne na malamai da ke cin jarrabawar gwamnati su zama hakimai da alƙalai da waziran fada, zan kira su ma'abota alƙalami. Tun daga zamanin mawaƙi Su Shi, wanda ya rasu a 1101, suka tsayar da ra'ayin cewa zane ɗan'uwan rubutun hannu ne da waƙa, kuma wanda ke auna zane da yadda ya yi kama da abin da aka zana, fahimtarsa ta yara ce. Kayan aikin ma ɗaya ne. Ana tara kunkunniyar hayaƙin itace a kwaɓa da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, a busar ta zama 'yar sanda. In za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi a yi ta goga sandar har tawada ta fito. Duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da ƙaro ya san yadda kaurinta ke canzawa da yawan ruwa. Alƙalamin kuwa na gashin dabba ne, mai tsini. Takarda tana shanye tawada nan take, ba gogewa, ba gyara. Don haka duk layin da mutum ya ja yana tona asirin hannunsa: wa ya koya masa, rubutun wa ya yi shekaru yana kwaikwayo. Ma'abota alƙalami suna karanta layi kamar yadda ake karanta nasabar mutum.

Da farko tsakaninsu da sufaye zumunci ne. Huichong, sufi mai zana agwagi da bakin rafi, Su Shi ya yi wa wani zanensa waƙa da yaran Sin ke haddacewa har yau. Zhongren na gidan ibadar Huaguang a Hunan, wanda aka ce ya ga inuwar reshen furanni a jikin tagar takarda cikin farin wata ya kwaikwaye ta da tawada zalla, abokin mawaƙi Huang Tingjian ne, kuma salon da ya fara ya zama na ma'abota alƙalami su kansu. Muddin sufi yana zane da harshen da suke ji, ɗan gida ne.

Muqi ya zo a wani zamani dabam. Bayan an ƙwace arewacin ƙasar a 1127, fadar Song ta koma Hangzhou, manyan gidajen ibadar Chan na kewayen birnin suka zama hukumomi masu gonaki da ɗaruruwan almajirai, fada ce ma ke naɗa shugabannin mafi girma daga cikinsu. Muqi mutumin Sichuan ne, ana lissafa shi cikin almajiran Wuzhun Shifan, shugaban gidan ibadar Jingshan, ya kuma zauna a Liutong kusa da Tafkin Yamma. An ruwaito cewa ya taɓa sukar waziri Jia Sidao har sai da ya ɓuya. Yana zana damisa, dodon ruwa, birai, tsuntsaye, kayan lambu, duk abin da ya samu. Wani marubuci na ƙarni na 14 ya ce wani lokaci ko alƙalami ba ya ɗauka, da tuƙar rake ko damin ciyawa yake shafa tawada.

Zhuang Su, a littafin da ya kammala a 1298, ya ce zanen Muqi bai dace da nishaɗin masu ɗanɗano ba, iyakarsa a rataya a ɗakin sufi. Xia Wenyan a 1365 ya yarda cewa aikin yana da sauƙi ba ƙyale-ƙyale, amma ya ce kaushi gare shi, kuma babu tafarkin magabata a cikinsa. Wani zai ce ai abincin wani gubar wani, shi ke nan. Ni ban gamsu da tsayawa a nan ba. A duba shekarun. Mongol sun karɓi Hangzhou a 1276. Masanan da suka rayu a ƙarƙashinsu, irin su Zhao Mengfu, sun juya wa duk salon ƙarshen daular Song baya, suna kiran a koma ga ruhin magabata na Tang da farkon Song. Zanen Hangzhou mai wankin tawada da faffaɗan fili ya zama abin tunawa da daular da ta faɗi. Sannan mutumin da ke shafa tawada da tuƙar rake ya ɓatar da layin da ake karanta nasaba a cikinsa. Hukuncin da aka yanke wa Muqi hukunci ne na aji da na siyasar zamani, ko da yake an furta shi da kalmomin ɗanɗano. Illarsa kuma a aikace take: abin da masu taska ba su daraja ba, ba a sake masa bango in ya tsufa, ba a kwafe shi, ba a tsere da shi ranar gobara.

Abin da ya ceci aikinsa jiragen ruwa ne. A 1235 wani sufi Bajapane mai suna Enni ya ƙetara zuwa Sin ya yi karatu a hannun Wuzhun. Malamin ya ba shi hotonsa da aka zana a 1238, da rubutun hannunsa a sama, hoton yana gidan ibadar Tofukuji a Kyoto har yau. Wannan zane ne mai launi, an fitar da fuska dalla-dalla har gashin gemu, malamin na zaune a kujera da alkyabba. Irin wannan hoto yana tabbatar da alaƙar almajiri da malaminsa, kusan yadda ijaza ke yi a zauren karatu. Bayan Enni ya koma gida a 1241, gobara ta ci Jingshan, sai ya sa aka aika da katako dubu daga tashar Hakata don sake gini. Wasiƙar godiyar da Wuzhun ya rubuto tana gidan tarihi na ƙasa a Tokyo. Ta wannan hanya ta katako da wasiƙu da almajirai zanuka suka bi. Malaman Sin ma sun ƙaura: Lanxi Daolong a 1246, Wuxue Zuyuan, wani almajirin Wuzhun, a 1279.

A Japan sunan Muqi ya koma Mokkei. Sarakunan yaƙi na gidan Ashikaga, musamman Yoshimitsu da ya rasu a 1408, suka tara aikinsa suka buga masa hatiminsu. Dogayen zanuka da aka yi don a warware a kan tebur aka yanyanka su gunduwa-gunduwa, aka yi wa kowane yanki bango don ya dace da lungun ɗakin shan shayi. Masana da dama na ganin kanya shidan nan ma daga wani dogon zane aka yanko su. Idan haka ne, filin da ke kewaye da su, wanda aka yi ta rubutu a kan ma'anarsa, da hannun mai almakashi a ciki. Haka aka yi wa Yujian, wani sufin na ƙarni na 13 mai watsa tawada har tsauni ya zama kamar hayaƙi, wanda a Sin kusan an manta da shi, a Japan kuma mai zane Sesshu ya gina shahararren zanensa na 1495 a kan salonsa.

A ƙarni na 20, ta hanyar rubuce-rubucen D. T. Suzuki, Bajapane masanin Zen, da makamantansa, Turai da Amurka suka karɓi wani hoto na sufi mai zane: mutum ne da wayewa ta sauko masa, ya fizgi alƙalami, cikin ƙiftawar ido ya zubar da abin da ke zuciyarsa. Hoton yana da daɗi, amma ya ɗauki zaɓin da masu shayin Japan suka yi ya mai da shi dukan tarihin. Liang Kai, wanda ake yawan sa zanukansa a gaba in ana wannan magana, ma'aikacin makarantar zane ta fada ne a farkon ƙarni na 13, babu kuma tabbacin ya taɓa zama sufi. Hoton Wuzhun mai launi da ƙwalƙwale zanen Chan ne fiye da zanuka da yawa da ake kira da sunan. Kuma galibin zanukan tawada da suka fito daga gidajen nan suna ɗauke da baitocin wani babban malami a sama, domin kyauta ce ake bai wa almajiri mai tafiya, ko attajirin da ya yi hidima, ko wani gidan ibada. Abu ne da ke yawo tsakanin mutane yana ƙulla zumunci.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin aikin Muqi kansa. A gidan ibadar Daitokuji da ke Kyoto akwai zanuka uku a kan siliki, kowanne ya kai tsayin mutum. Na tsakiya Guanyin ce, wadda mabiya Buda ke ɗauka ma'abociyar tausayi, cikin farin mayafi, zaune kan dutse a bakin ruwa, da sa hannun mai zanen: sufin Shu, Fachang, ya yi wannan cikin ladabi. A gefe ɗaya wani tsuntsu ɗan'uwan gauraka yana fitowa daga cikin gora, baki buɗe yana kira. A ɗaya gefen uwar biri mai dogayen hannuwa tana kan busasshen reshe rungume da ɗanta, su biyun suna kallonka kai tsaye. Gashin jikinsu an yi shi da busasshen alƙalami, siriri-siriri, har ka ji kamar iska za ta motsa shi. Ninkin mayafin Guanyin layuka ne dogaye da ba su yi rawa ko sau ɗaya ba. Hazon da ke bayanta an shimfiɗa shi hawa-hawa da tawada mai ruwa, aikin da ke buƙatar jira kowane hawa ya sha iska. Wanda ya yi wannan ya ƙware ƙwarai, ya san tafarkin magabata sarai. Hannun da ya iya wannan ne ake cewa ya ja zoben kanya da bugu ɗaya, kuma ina ganin ba don shekarun da ya kashe a kan irin mayafin nan ba, da zoben bai zauna daram haka ba.

Hasegawa Tohaku, babban mai zanen Japan da ya rasu a 1610, ya zauna gaban waɗannan birai ya koya, birai irinsu suka cika zanen Japan bayansa. Zanukan uku yanzu suna cikin jerin taskokin ƙasa na Japan. Al'adar Daitokuji ce a fito da su sau ɗaya a shekara, wata rana a cikin Oktoba, a rataye su tare da sauran naɗaɗɗun zanukan gidan don su sha iska kada danshi da ƙwari su ci su. In aka tashi da ruwan sama ranar, sai a bar su a naɗe.